Ba Likkafani Ba Ne

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Baba Najim, maƙerin zinare a unguwar Deira ta Dubai, kuma shekara bakwai ke nan ana yi masa ƙarya da harshen Hausa. Ni na fara ta, da kalma guda. Wasu suka ɗauka suka yi mata gini, suka sa mata hoto da sauti. Bana ƙaryar ta tsallaka teku ta je ta tare wa ɗansa hanya. Wannan ne ya sa nake rubutun nan, ba kewa kaɗai ba.

Bari in fara da ko wane ne shi, domin yawancin masu tura labarinsa a waya ba su sani ba. Mutumin Iraƙi ne, daga Amara, garin da ke bakin kogi. Ba Musulmi ba ne, ba Kirista ba ne. Yana cikin mutanen da Larabawa ke kira Sabi'awa, su kuma suke kiran kansu Mandayawa. Ba su da yawa. Suna girmama Annabi Yahya, kuma manyan ibadunsu duk a bakin ruwa mai gudu ake yin su. Rikicin ƙasarsu ya watsa su duniya. Shi ya faɗo Dubai, ya samu wani ɗan ɗaki a saman shagon wani mai gwal, a bayan kasuwar zinare, yana gyaran sarƙa da awarwaro da ɗan kunne. Hajiyoyin Kano masu sarin gwal sun san aikin hannunsa tun kafin su san sunansa.

Ni tafinta ne. Na yi shekaru ina fassara labaran duniya a gidan rediyo a gida kafin in zo nan in kama aiki a wani ofishin jigilar kaya a unguwar Port Saeed, nan Deira. Idan Larabcin kasuwa ya ƙare wa Bahaushe, ni ake kira. A haka na hau matattakalar Baba Najim karon farko, ina bin bayan Alhaji Sabo, wani dillalin gwal ɗan Kano da ya fi shekara ashirin yana kai-komo a nan. Da tsohon ya ji sunana Habibu sai ya yi dariya ya ce, "To kai ka hutar da mu, ba sai mun ce maka habibi ba." Daga ranar ya koma kirana ya Habib.

Kafin ya zama maƙeri, shganda ne. Na bar kalmar yadda take, za ku ga dalili. A addininsu malami ba ya gudanar da babbar ibada shi kaɗai. Sai da wani a gefensa, cikin fararen kaya irin nasa, wanda zai ɗebo ruwa daga kogi, ya kawo garin gurasar ibada, ya tsinko ɗanyen ganyen da ake naɗa wa mutum a ka, ya riƙe abin da ake buƙatar a riƙe, a ƙarshe kuma su yi musafaha da malamin, alamar cewa an yi komai a kan ƙa'ida. Shi ne shganda. Ba shi ke jan addu'a ba. Aikinsa ya kawo, ya gani, ya shaida. Baba Najim ya fara tun yana yaro a hannun kawunsa, ana sa ran wata rana shi ma zai zama malami. Kawun ya rasu, dangi suka watse, ciyar da iyali ta hau kansa. Ya tsufa yana shganda. Duk shekara, idan kwana biyar na babban bikinsu suka zo, sai ya kulle ɗakin ya tafi inda akwai kogi da malami, ya yi aikin da yara ke yi, da farin gemunsa.

Na taɓa ce masa, ashe kai ladan ne. Ya ce in bayyana masa ladan. Na bayyana, ya ce a'a. Na ce to na'ibi. Ya ce a'a. Na ce ɗan aike. Ya ce wannan ya fi kusa, amma shi a sana'arsa ba a ɗora "kusa" a kan ma'auni. Da na ji wannan maganar da kunnen basira, da ba a zo nan ba.

Dubai ba ta da kogi, kuma wannan na damunsa fiye da zafi. Wata rana muna cikin ƙaramin jirgin fito na nuna masa ruwan da ya raba Deira da ɗaya gefen, na ce ga ruwa har ya yi yawa. Ya leƙa ya ce, "Wannan ba ya zuwa ko'ina, ya Habib. Shigowa yake ya fita, kamar ku masu bizar wata uku." Ba ya cin yankan kowa, namu ko na wasu. Kifi, dabino, da gurasar da ya gasa da hannunsa. Alhaji Sabo ya yi ta tsokanarsa a kan haka, yana ɗora masa kilishi a kan teburin aiki, shi kuma yana ture shi da bakin hantsaki. Amma da azumi ko ruwa ba ya sha a gabanmu, kuma idan lokacin salla ya yi shi ke cewa, "Yalla, ku tashi, an kira ku." Bai taɓa neman mu zama shi ba.

Yanzu ga kalmar.

Kamar shekara guda kafin rasuwarsa, bayan likita ya gaya masa halin da zuciyarsa ke ciki, muna zaune mu uku, ni da shi da Alhaji Sabo, ya jawo wata jakar yadi daga ƙarƙashin tebur ya buɗe. Fararen kaya ne sababbi fil: riga, wando, rawani, wani dogon ƙyalle na ratayawa a wuya, da ɗamarar ulu. A gefen dama na ƙyallen ya ɗinka ɗan zaren zinare, a hagu na azurfa. Ya ce sunansu rasta. Su ne kayan da suke sawa a kowace ibada, kuma kowane Bamandaye yana ajiye sabon saiti don ranar tafiyarsa. Sannan ya ce mini, da Larabcinsa na Iraƙi, a hankali kamar yadda yake magana idan yana so a riƙe: "Ba ni da kowa nawa a garin nan. Idan ka ga na kama hanya, ka miƙo mini wannan kafin in tafi. Ni zan sa da kaina. Kafin, ya Habib."

Alhaji Sabo ya ce, "Me tsohon ke cewa ne, Malam Habibu?"

Na ce, "Likkafaninsa yake nuna mana."

A gidan rediyo an koya mana kada mu bar mai sauraro da baƙuwar kalma. Kana da daƙiƙa biyu, ka nemo mata 'yar'uwa a Hausa ka wuce. Na yi shekaru ina alfahari da wannan saurin. Farin yadi, mutuwa, ajiya a jaka: likkafani. Kalmar ta zauna daram, Alhaji ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa mu cika da kyau. Ban lura ba cewa na jefar da rabin maganar. Likkafani na gawa ne. Rasta na mai rai ne. A wurinsu dole rai ya fita mutum yana sanye da shi, kamar yadda ya tsaya da shi a cikin kogi duk rayuwarsa. Kalmar da na zaɓa ta haɗiye "kafin" ɗin da ya maimaita mini sau biyu.

Ranar ta zo. An kwantar da shi a asibiti, na je ɗakinsa na ɗauko jakar, na ajiye ta a kan wata 'yar kabad kusa da ƙofa. Bayan la'asar muka shiga, ni da Alhaji Sabo. Yana cikin hayyacinsa. Yana iya zama idan an tallafe shi. Ya dube ni ya ce in ba shi. Na tashi na nufi jakar, sai Alhaji ya kama hannuna.

"Haba Malam Habibu! Ka taɓa ganin an sa wa mai rai likkafani? Fata kake masa? Mutum na numfashi, yana kallonka!"

Na tsaya. Ina so mai karatu ya lura da wannan, domin a nan laifina yake, ba a ranar fassarar kaɗai ba. Na san ya ce kafin. Ina jin Larabci, Alhaji ba ya ji. Amma kalmar da na ƙirƙira da bakina ta juyo ta kama ni. Da zarar an ce likkafani, jikina na Bahaushe ya ƙi. Na ji kunya, na ji tsoron a ce tafinta ya yi wa tsoho fatan mutuwa. Na koma na zauna, na ce masa da Larabci, "Gobe, Baba. Za ka samu sauƙi."

Ya ɗaga yatsa ya nuna jakar. Muryarsa ta yi ƙasa, yana cewa, "Hayyi... Hayyi." Da wannan sunan suke kiran Ubangiji, ma'anarsa Rai. Na sha jinsa a bakinsa idan zai fara aiki da safe.

Alhaji Sabo ya miƙe tsaye, hawaye na zuba. "Allahu akbar! Ya Hayyu yake cewa! Ga yatsa ya ɗaga!" Ya sunkuya yana laƙƙana masa kalmar shahada. Baba Najim bai maimaita ba. Ko kallonsa bai yi ba. Ni yake kallo, yatsan na nan a miƙe wajen ƙofa, har hannun ya gaji ya sauka. Lokacin ziyara ya ƙare aka fitar da mu. Washegari da hantsi, ina cike takardun wata kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, aka kira ni aka ce ya cika. Cikin rigar asibiti mai igiya a baya.

Alhaji ya so a yi masa salla a binne shi a nan. Hukuma takarda take bi, takardunsa kuma ba su ce ya sauya addini ba, don haka aka tura gawarsa ga danginsa a Iraƙi. Jakar ban tura ba. Ba wanda ya tambaya, ni kuma ba zan iya bayanin dalilin da kayan suke a ninke ba. Na sa ta a saman kabad ɗina.

Daga baya ɗansa Yahya, wanda ke zaune a Ostareliya, ya gaya mini cewa suna da abin da suke yi wa wanda ya mutu ba rasta: wani sa'ansa ya sa kayan a madadinsa, malamai su yi addu'a. Sun yi masa. Ya ce mutanensu da yawa na mutuwa haka a ƙasashen mutane, ba wanda ya zarge ni. Na karɓi wannan sassaucin da hannu biyu, na yi shiru.

Ina shiru labarin na girma. Shekarar farko Alhaji ne ke ba da shi a shagunan Murshid Bazaar, ana shan shayi, cewa tsohon ya ɗaga yatsa. Shekara ta biyu ya zama ya furta shahada. Kafin a kai ta huɗu an ce ya yi mafarki, an ce ya ɓoye musuluncinsa shekara goma don tsoron danginsa, an ce ɗakin ya cika da ƙamshi. Ina cikin ɗakin. Warin maganin goge ƙasa yake yi. Sau nawa aka ba da labarin a gabana, aka ce, "Ga Malam Habibu nan, shi ne shaida," ni kuma na yi murmushi na kurɓi shayi? Ban ƙirga ba, kuma ba na so in ƙirga.

Bara wani ya mayar da shi bidiyo. Ya sa sunan Baba Najim da garinsu da sana'arsa, ya ɗora hoton wani dattijo da ban taɓa gani ba riƙe da carbi, ya sa murya mai rawa a baya. Ya zagaya wayoyin 'yan kasuwa daga Deira zuwa Kantin Kwari. Wani mai himma ya sa masa rubutun Larabci a ƙasa. Daga nan ya isa Ostareliya.

Yahya ya kira ni wata biyu da suka wuce. Tun yana ƙarami yake shganda kamar ubansa, a bakin wani kogi a can, kuma ya yi karatun da uban bai samu ya ƙarasa ba. Bana ya kamata a naɗa shi malami. Su kuwa ba sa naɗa mutum sai sun binciki iyayensa da kakanninsa, kamar yadda ya bayyana mini. Ɗan wanda ya bar addini ba ya hawa wannan matsayi. Babban malaminsu ya ga bidiyon ya dakatar da komai. Ba mugunta ba ce. Mutane ne da aka daɗe ana tilasta musu barin addininsu, suna ɗaukar irin wannan labari da nauyi.

Ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ammu Habib, ku biyu ne a ɗakin. Me babana ya ce?"

Na gaya masa. Duka, har da "gobe". Ya ce in rubuta wa dattawansu. Na rubuta musu takarda da Larabci na sa hannu. Amsar da dattawansu suka bayar ita ce ta hana ni sukuni. Suka ce mutumin nan ya gaya mana abin da muke so mu ji, da harshenmu, a ɓoye. Me ya sa shekara bakwai bai gaya wa mutanensa ba, da harshen da aka fara maganar? Tambaya ce ta masu sanin aikin shaida, kuma ba ni da amsa sai wannan shafin.

Kafin in rubuta wannan shafin na je wurin Alhaji Sabo. Na same shi yana duba wasu zobba. Na ce masa mu fito tare mu gyara.

"Mu gyara me? Mutum ya samu rahama a gabanmu kana so ka ƙwace masa?"

"Alhaji, jaka yake nunawa."

"Kai ka ga jaka. Ni na ga yatsa."

"Ɗansa zai rasa abin da ya yi shekara ashirin yana nema."

"To ai alheri ne. Wataƙila shi ma ya biyo uban." Ya mayar da zoben cikin auduga. "Halas, magana ta ƙare, Malam Habibu. Kai dai ɗan boko ne, komai sai ka sa masa ƙa'ida."

Ba zan ce Alhaji ba ya son Baba Najim ba. Shi ya kai shi asibiti a motarsa. Shi ya yi kukan da ni ban yi ba. Kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da maƙiyi ne ya yi masa haka, da na san inda zan ajiye shi. Amma mu ne, masoyansa. Mun zauna da mutum shekara da shekaru, mun ba shi gwal ɗin matanmu ba tare da an auna ba, mun san bai taɓa rage ko ƙwayar zarra ba, amma ba mu iya barinsa ya mutu a matsayin abin da yake ba. Sai da muka jira bakinsa ya rufe muka sa masa maganar da muke so. Muna kiran wannan ƙauna. Kuma kowane mai tura bidiyon yana jin ya yi aikin lada, ba tare da ya tambayi kansa ko ya halatta a yi shaidar zur a kan mamaci don labarin ya yi daɗi ba. Ni Musulmi ne. Makomar Baba Najim ba a hannuna take ba, ba kuma a hannun Alhaji Sabo ba. Abin da ke hannunmu shi ne abin da idonmu ya gani, kuma shi za a tambaye mu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga bidiyon. Ina jin ba zai yi faɗa ba, ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba. Zai karɓi wayar ya kai ta kusa da fitila, kamar yadda yake yi wa sarƙar da wata Hajiya ta rantse gwal ce. Zai juya ta sau biyu. Sannan ya miƙo ya ce ruwan gwal ne aka sa mata, ya koma kan aikinsa. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da ni, wanda ya ɗauka a matsayin shganda na yini guda, ya ba shi aiki ɗaya: ka kawo. Ban kawo ba. Saura biyu, gani da shaida. Na gani.

Don haka ga shaidata, da Hausa, ga duk wanda ya ji labarin a shago ko a waya. Baba Najim bai furta shahada ba. Bai ce Ya Hayyu ba, Hayyi ya ce, sunan da ya kira tun yana yaro a bakin kogin Amara. Yatsan da ya ɗaga kayansa yake nema da shi. Ya mutu a kan addinin da aka haife shi a ciki, yana roƙon a bar shi ya sa tufafinsa, mu kuma muka hana shi, ni da fassarata da tsorona, Alhaji da jahilcin da ni na jawo masa. Duk wanda ke da bidiyon nan ya goge. Wanda ya tura wa mutum goma ya koma ya gaya wa goman. Za a fassara wannan shafin a kai wa dattawan, kuma na roƙi kada a ba ni aikin fassarar. Ko zai ishe su su naɗa Yahya, ban sani ba. Hukuncinsu ne.

Me ya rage na Baba Najim? Ɗakinsa yanzu wani ne ke gyaran waya a ciki. Akwai awarwaro a hannun mata a Kano da Katsina da ba su san wanda ya haɗa musu su ba. Akwai ɗa da ke tsaye a bakin kogi yana jiran hukunci. Sai jakar.

Makon jiya na sauko da ita. Zaren zinaren bai dushe ba. Na kai ta ofishin aika kaya a Murshid Bazaar don a tura wa Yahya. Akawun ɗan Fagge ne, mun saba. Ya buɗe ya leƙa don ya cike fom, ya ga fararen kaya, ya sassauta murya.

"Malam, likkafani ne?"

"A'a. Rubuta rasta."

"Me ke nan? Ba shi da Hausa?"

Na ce ba shi da ita. Ya riƙe biro yana jira in nemo masa wata kalma, don ya san ni da sauri. Na bar shi yana jira. Da ya gaji sai ya ce in faɗa masa harafi-harafi, na faɗa, ya rubuta.